Mai Gaskata Jita-Jita Da Mai Taɓin Hankali A Gaban Alƙali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya yi mana baiwar hankali, Ya kuma sanya shi sharaɗin ɗora wa bawa nauyi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata magana da muke yawan furtawa ba tare da mun auna ta ba. Da zarar an ce wani ya kashe rai saboda ya yarda cewa wasu sun haɗa baki za su cuce shi, ko za su cuci jama'arsa, sai ki ji mun ce, "Ai wannan ba shi da hankali." To, da gaske ne ba shi da hankalin? Idan aka kai shi gaban alƙali, za a karɓi wannan uzuri? Amsar a taƙaice ita ce, galibi ba a karɓa. Yarda da labarin maƙarƙashiya daban, ciwon taɓin hankali daban. Dokar ƙasa ta raba su, shari'ar Musulunci ma ta raba su. Kada ki ce wannan zancen lauyoyi ne, domin wanda zai iya faɗawa cikin ɗayan biyun nan ɗanki ne, ko ƙaninki, ko maigida, ko ma ke kanki.

Abin da ya faru a unguwarmu

Matan Hotoro da Unguwa Uku da Tarauni ba za su manta da ranar Juma'a 8 ga Fabrairu, 2013 ba. Da safiyar ranar ce wasu 'yan bindiga suka zo a cikin A Daidaita Sahu, suka buɗe wuta a kan masu aikin rigakafin shan inna a wurare biyu, ɗaya a Unguwa Uku, ɗaya a yankin Haye da ke Hotoro. 'Yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum 9. Mata ne irinmu, masu ɗaukar akwatin ƙanƙara suna bi gida-gida don 'yan kuɗin alawus da za su taimaki iyali. Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu.

Wannan hari ya auku ne a lokacin da tsohuwar maganar nan take ci gaba da yawo a gari, wai ɗigon rigakafin dabara ce ta Turawa don hana 'ya'yan Musulmi haihuwa. Har ma bayan harin aka kama wasu ma'aikatan wani gidan rediyo, aka kai su kotu bisa zargin cewa wani shiri da suka watsa a kwanakin ya tunzura jama'a.

Adalci ne mu faɗi cewa wannan tsoro ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Sai a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa a 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har a bincika. An dawo da shi a Yulin 2004 da maganin da aka samo daga ƙasar Indunusiya, har ma aka ɗiga wa 'yar gwamnan a bainar jama'a. Amma a tsakanin nan cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe kusan 20. Daga ƙarshe dai, yaron da aka samu da asalin cutar a Sumaila a Yulin 2014 shi ne na ƙarshe a jihar Kano, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci, yau ga su nan muna zuwa musu barka da suna. Gani ya kori ji.

To yanzu mu ɗauka wani ya aikata kisa irin wannan, an kama shi, ya tsaya gaban alƙali ya rantse cewa har cikin zuciyarsa ya yarda yana ceton 'ya'yan Musulmi ne. Lauyansa ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, mai hankali ba zai yarda da irin wannan labari ba, don haka wanda nake karewa mahaukaci ne." Me alƙali zai duba?

Abin da dokar ƙasa ta tanada

A Arewacin Nijeriya muna da kundin hukunta laifuffuka da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki tun 1960. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da gangan. Sashe na 51 kuma shi ne ya yi maganar taɓin hankali. Abin da yake nufi shi ne, ba a kama mutum da laifi idan a daidai lokacin da ya aikata abin, larurar ƙwaƙwalwa ta hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko ta hana shi sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci da jihar Kano ta kafa a 2000 shi ma bai ɗora wa mahaukaci laifi ba.

Ki lura da abubuwa huɗu a nan. Na farko, doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne, kuma wanda ya ce ba shi da hankali, a kansa nauyin kawo hujja yake. Faɗar bakinsa kaɗai ba ta isa ba. Kotu kan saurari likitan ƙwaƙwalwa da 'yan'uwa da maƙwabta da ma'aikatan gidan yari, ta duba ko ya taɓa kwanciya a asibiti, ko akwai ciwon a danginsu, da yadda ya kasance kafin abin da bayansa.

Na biyu, lokacin aikata laifin ake dubawa. Mutum yana iya kasancewa da katin asibitin Dawanau na shekaru, amma idan ranar da ya yi aika-aikar yana cikin hayyacinsa, katin ba zai fisshe shi ba. Wanda ya sayi makami tun da wuri, ya zaɓi lokacin da babu jama'a, ya rufe fuska, ya gudu ya ɓuya, ai ya nuna da kansa cewa ya san abin da yake yi laifi ne.

Na uku, maye da gangan ba uzuri ba ne. Wanda ya sha ƙwaya ko kodin ko wiwi da hannunsa, ya je ya yi ɓarna, doka ba ta sa shi a layin masu larura ba. Sai fa idan ɗura masa aka yi da ƙarfi, ko aka zuba masa bai sani ba.

Na huɗu, kuma wannan ne mutane da yawa ba su sani ba: wanda kotu ta yarda cewa hauka ne ya sa shi kisa, ba gida ake sallamarsa ba. Tsare shi ake yi a wurin da za a kula da shi, ba tare da an yanke ranar fita ba, har sai hukuma ta gamsu cewa ba shi da haɗari. Wani ma yakan fi wanda aka yanke wa shekaru daɗewa a tsare.

Shari'o'i uku da za su haska miki

Wannan ƙa'ida ta sashe na 51 asalinta daga Ingila ne, kuma abin mamaki, daga shari'ar wani mai zargin maƙarƙashiya ta fito. A Janairun 1843 wani masassaƙi mai suna Daniel McNaughton ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, a birnin Landan. Shekaru ya yi yana ganin cewa 'yan jam'iyya mai mulki sun sa masa 'yan leƙen asiri, suna bin sa duk inda ya sa ƙafa don su hallaka shi. Babu wanda ya koya masa wannan, babu kuma wanda ya taya shi gani. Likitoci suka shaida cewa ciwo ne, aka wanke shi daga laifin kisa. Hukuncin ya tayar da ƙura ƙwarai, har aka tara manyan alƙalan ƙasar suka tsara ƙa'idojin da ƙasashe da dama suka gada, har da mu. Shi kuwa bai sake shaƙar iskar 'yanci ba, a gidan masu taɓin hankali ya mutu a 1865.

Ta biyu a ƙasar Nowe ce, can arewacin Turai. Ranar 22 ga Yuli, 2011, wani mai suna Anders Breivik ya kashe mutum 77, akasarinsu matasa 'yan ƙasarsa. Hujjarsa ita ce wai shugabannin Turai sun haɗa baki da Musulmi don su mamaye nahiyar. Kin ga ke nan yadda muke zargin wasu, haka wasu suke zarginmu. Likitocin farko da suka duba shi suka ce mahaukaci ne. Aka sake naɗa wasu, suka ce lafiyarsa ƙalau. A Agustan 2012 kotu ta ce yana da hankali, ta ɗaure shi shekara 21 da za a iya ƙarawa. Daga cikin abin da ya ja hankalin kotun, akwai cewa wannan aƙida ba shi kaɗai ne yake da ita ba, akwai masu ƙin Musulmi da yawa da suke yaɗa ta, a wurinsu ya tsinto. Ga kuma shekarun da ya yi yana shirya harin dalla-dalla.

Ta uku tamu ce ta gida, kuma ta fi kusa da ɗakunanmu. A 1954 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar wani mai suna Muhammadu Gadam. Matarsa ta yi ɓari, ciwo mai tsanani ya kama ta, shi kuma ya yarda cewa wata tsohuwa ce ta kama ta da maita, sai ya kashe tsohuwar. Ba a musa cewa da gaske ya yarda da hakan ba, kuma mutanen yankinsa da yawa sun yarda da maita. Duk da haka kotu ta tabbatar masa da laifin kisa. Ta ce yawan masu gaskata camfi ba ya mayar da shi hujja, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa, rayukan mutane sun shiga haɗari. Har yanzu ana koyar da wannan shari'a ga ɗaliban lauya. Ki ƙara da sanin cewa jifan mutum da kalmar maita shi kansa laifi ne a Final Kod.

Idan kika haɗa ukun za ki ga bakin zaren. Na farko ciwo ne ya tsiro a ƙwaƙwalwarsa shi kaɗai. Sauran biyun kuwa abin da suka ji a bakin mutane ne suka zaɓi su gaskata, suka kuma zaɓi su ɗauki makami. Mai zaɓi kuwa shi ake tambaya.

Matsayin Musulunci

Tun kafin Turawa su yi tunanin waɗannan ƙa'idoji, addininmu ya riga ya shimfiɗa su. Ya tabbata a hadisi cewa mutum uku ba a rubuta musu laifi: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. A zamanin Sayyidina Umar (RA) an kawo wata mata mai taɓin hankali da laifin zina, har an tafi da ita za a tsayar mata da haddi, sai Sayyidina Aliyu (RA) ya dawo da ita ya tunatar da Halifa wannan hukunci, aka sake ta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo cewa Marwan ya rubuta wa Mu'awiya (RA) game da mahaukacin da ya kashe mutum, aka ba shi amsa cewa a tsare shi, kada a yi masa ƙisasi. Da ya rubuta game da wanda ya yi kisa cikin maye kuwa, sai aka ce a kashe shi. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa jinin wanda mahaukaci ya kashe ba ya tafiya a banza, diyya tana hawa kan danginsa na wajen uba. Sun kuma ce mai haukan da ke zuwa yana tafiya, idan ya yi kisa a lokacin da ya farfaɗo, hukuncinsa na mai hankali ne.

To mai mummunar aƙida fa? Ki tuna Abdurrahman ɗan Muljam, wanda ya sari Sayyidina Aliyu (RA) da takobi a Kufa, lokacin sallar Asuba, cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira. Mutum ne da aka sani da ibada da karatun Alƙur'ani, kuma ya yi imani cewa abin da ya yi neman kusanci ne ga Allah, domin haka Khawarijawa suka cusa masa. Babu sahabin da ya ce a ƙyale shi don ba shi da hankali. An yi masa ƙisasi. Ƙarfin yarda da ɓata ba ya ɗauke alƙalami. Shi ya sa Allah (SWT) Ya umurce mu a Suratul Hujurati, aya ta 6, da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A aya ta 12 kuma Ya gargaɗe mu game da yawan zato.

Yadda za ki bambance su a gida

'Yar'uwa, ba aikinki ba ne ki yanke hukuncin likita, amma ke ce ta farko da za ta lura. Mai bin jita-jita yakan ce "mu" ake nufi da sharri: mu Musulmi, mu 'yan Arewa. Yana da abokan ra'ayi, yana da wanda yake saurara a waya, kuma yana zuwa kasuwarsa, yana cin abincinsa, yana barcinsa. Mai ciwo kuwa yakan ce "ni" ake nufi. Zai ce mai karanta labarai a talabijin da shi yake, an dasa masa na'ura a ɗaki, ke matarsa kina zuba masa guba a tuwo. Barci ya ƙaurace masa, ya daina wanka, yana magana ko dariya shi kaɗai, yana jin muryoyin da babu mai jin su. Hatta abokansa za su ce wane ya canza. Wani lokaci kuma abin biyu kan haɗu, mai ciwo ya tsinci jita-jitar gari ya ɗora a kan ciwonsa. A nan likita ne kaɗai zai iya warware zaren.

Mu mata akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. Cikin kowace haihuwa 1,000, akan sami mace 1 ko 2 da taɓin hankali ke kamawa, galibi a makonni biyun farko na jego. Za ki ga mai jego ta kasa runtsawa ko da jariri na barci, tana surutai, tana cewa an canza mata ɗa, ko uwar miji da kishiya sun haɗa baki za su kashe shi. Don Allah kada a tsaya cewa sammu ne ko iska, a shiga nuna wa juna yatsa. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, a kai ta asibiti a ranar. Ciwo ne da ake warkewa da izinin Allah. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa da mu a kan titin Zariya, yana da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. A yi addu'a, a yi ruƙiyya ta shari'a, amma kada su hana shan magani. Ɗaure marar lafiya da mari da dukansa zalunci ne, kuma dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba shi haƙƙin a mutunta shi.

Abin da ya rage gare mu

Na ɗaya, ki tsare harshenki da wayarki. Saƙon murya da aka turo miki a WhatsApp, wanda ba ki san mai maganar ba, aka ce "a yaɗa saboda Allah", ki bar shi ya mutu a hannunki. Magana zarar bunu ce. Wanda ya tunzura aka yi kisa, doka tana kama shi tare da mai kisan, balle kuma a gaban Allah. Mu tuna mafarauta 16 'yan Arewa, akasarinsu mutanen jihar Kano, da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa gida yin Sallah, saboda kawai an ce masu garkuwa da mutane ne. Yadda wannan ya yi mana zafi, haka namu zargin yake yi wa wasu.

Na biyu, ki kula da abin da kike faɗa a gaban 'ya'yanki. Yaron da ya tashi yana jin uwarsa na cewa kishiyarta ce ta hana shi cin jarrabawa, ko tsohuwar maƙwabta mayya ce, wata rana zai girma ya sami ƙarfi. In ya ɗauki wuƙa, kotu ba za ta ce ba shi da hankali ba, za ta ce ya yi kisa da gangan. Ke kuma ki ƙare da kai kwanon abinci Kurmawa.

Na uku, idan kina da shakku a kan wani magani ko rigakafi, haƙƙinki ne ki tambaya. Ki tambayi likita ko malamar asibiti da kika yarda da ita, ki tambayi malami masani. Abin da ya faru a 1996 ta hanyar kotu aka bi shi har aka biya diyya, ba ta hanyar bindiga ba.

Na huɗu, idan akwai marar lafiya a gidanku, ku daina ɓoyewa don gudun kada a ƙi auren 'ya'yanku. Ku kai shi asibiti da wuri, ku tabbatar yana shan magani, ku adana katinsa da takardunsa. In ƙaddara ta faɗa, waɗannan takardu ne za su yi masa magana a gaban alƙali. Amma abin da ya fi shi ne kada a kai ga haka, rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kare mana hankulanmu da imaninmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare hannayenmu da harsunanmu daga jinin bayinSa, Ya shirya mana zuri'a. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa, kuskuren da ke ciki Ya yafe mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.